Kawu da wutsiyar ɓauna

Ba a kawo wuta ba sai bayan la'asar. Auta ta ƙi tuwo, ta ce taliya ko ta kwana da yunwa. Wankin da na jiƙa tun safe yana nan a baho.

Duk wannan bai dame ni ba kamar hoton da na kwana ina kallo a waya. Kan mashi ne na dutse, bai wuce tsawon yatsa ba, an fere shi sirit kamar ganye, sannan an zare masa dogon kwarmi gaba da baya, daga gindi har kusa da tsini. A Folsom aka tono shi, cikin jihar New Mexico ta Amurka, a 1927, yana kwance tsakanin haƙarƙarin wata irin ɓauna da ta daɗe da ƙarewa a duniya. Kafin nan manyan masanan can sun kafe cewa ɗan Adam bai fi shekara 3,000 ko 4,000 a nahiyar ba. Ɗan dutsen nan ya rusa musu lissafi. Yau ana ba shi shekara wajen 12,000.

Kawu ya biyo daga kwata, ya zauna a tabarma yana jiran ruwan alwala. Na miƙa masa wayar.

"Kawu, duba min wannan ramin na tsakiya. Na mene ne?"

Ko ƙifta ido bai yi ba. "Makwancin sanda ne mana. A tsaga bakin sanda, a cusa shi, a naɗe da jijiya."

Na ce haka masana da yawa suka faɗa, amma har gobe ana musu, don wajen fitar da kwarmin ne dutsen kan karye, bayan an gama duk wahalar. Ya ce, "To gwaninta ce. Kowace sana'a akwai mai son a ce wane ne ya yi."

Sai na ƙaro masa wani. Ɓauna kusan 30 aka kashe a kwazazzabon da aka tono kan mashin, amma da aka jera ƙasusuwa, na wutsiya duk babu, sai 'yan kaɗan. Kawu ya yi dariya har da dukan cinya.

"Ke 'yar nan! Wa ya taɓa fiɗa ya bar wutsiya jikin nama? Ai da fata take tafiya."

Amsar da masu tonon suka bayar ke nan. Shi kuwa ko aji ɗaya bai zauna ba. Na ji daɗi ƙwarai, har na ƙara masa nama a miya, naman da shi ya kawo.

Bayan ya tafi ne raina ya ɓaci. Wanda ya fara ganin ƙasusuwan nan, George McJunkin, baƙar fata ne da aka haifa cikin bauta, makiyayin shanu. Ambaliyar 1908 ce ta zaizaye gaɓar kwazazzabon, ya hango su, ya ce sun fi ƙarfin na saniya da na ɓaunar da ya sani. Ya yi ta faɗa wa mutane. Ya rasu a 1922, masana ba su sa shebur a wurin ba sai 1926.

Nan na tuna gatarin aradun Inna. Baƙin dutse sumul mai kaifi ta baki ɗaya, wanda ta tsinta a gona bayan ruwa, take ɓoye shi a ƙasan kwalla tana cewa tsawa ce ta jefo shi. Ni da na yi boko na san hannun mutanen da ne ya wasa shi, amma dariya kawai nake mata. Ban taɓa tambayarta wace gona ba. Ranar da muke kwashe ɗakinta bayan arba'in, ni na riƙe shi a hannuna, ban san inda na aje ba.

Na kira Yaya bayan isha'i. Ta ce wane dutse?