TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 9: Ranar da likita ta ajiye biro

Assalamu alaikum 'yan uwa. Satin da ya wuce mun tsaya inda na haifi na biyar ɗina, aka kai ni gida wajen Inna wankan jego.

Tun kafin sati uku ƙafafuna suka kumbura suntum, in na danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya ƙi dawowa, ga haki, daga ɗaki zuwa banɗaki sai na dafa bango na huta, da dare kuwa ba dama in kwanta sai dai a jera min filo uku in kwana a zaune. Inna ta ce sanyi ne ya shige ni, aka ƙara wa ruwan wanka wuta, safe da yamma da ganyen darbejiya, kunun kanwa kuwa kwano guda ake dama min. Mai kemis ya ce tari ne ya ba ni sirof, wata maƙwabciya ta ce iska ce aka kawo hayaƙi.

Da abin ya ci tura yayana ya ɗauke ni zuwa asibiti a Zariya. Likitar da muka samu ta auna jinina ta saurari ƙirjina, sai kawai ta ajiye biro ta jawo kujera ta ce, "Maman jariri, ba ni labarin gidanku." Me nake ci, haihuwa nawa cikin shekara nawa, wa ke taya ni aiki, ina barci kuwa, maigida fa? Wallahi ban san lokacin da kuka ya ƙwace min ba, haihuwa biyar a shekara bakwai ba wanda ya taɓa tambayata ya nake. Na faɗa mata kasuwar maigida ta karye, tun ina da ciki sau ɗaya nake cin abin kirki in bar wa yara sauran, awo ma sau biyu kacal na je.

Bayan hoton zuciya ta ce zuciyata ce ta yi rauni ta buɗe, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, shi ne ruwa ke taruwa a huhu da ƙafa. Ta ce tun shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Zariya suka rubuta yadda ciwon nan ya yi yawa a masu jego a ƙasar Zazzau, kuma kanwa gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki ta ƙara wa zuciya nauyi, ga yunwa ga hawan jini ga haihuwa kusa da kusa.

Ba ta zagi Inna ba, ni abin da ya fi burge ni kenan. Kiranta ta yi ta gaishe ta har da russunawa ta ce, "Inna, a ci gaba da wankan amma da ruwa mai ɗumi, kanwar ce dai za mu ajiye." Sannan ta ce a turo mata maigida da kansa, akwai maganar tazarar haihuwa.

Yadda suka kwashe da shi, sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.