Kowa simash yake so, to wa zai ɗauko ƙwallon?

Duk sabon da ya shigo filin ƙwallon raga abu ɗaya ne a ransa, ya yi tsalle ya daki ƙwallo ta sauka a ɓangaren abokan karawa da ƙara mutane su ɗau ihu, wato simash kenan. Ba laifi bane fa, ai shi ake nunawa a bidiyo kuma shi ke burgewa. Amma ni dai a ganina wanda ya fara da simash ya fara ne daga ƙarshe, don kafin a kai ga wannan dukan sai an taɓa ƙwallon sau biyu. Doka ta ba kowane ɓangare taɓawa uku kacal, na farko ya karɓa, na biyu wato seta ya ɗaga, na uku ya daka. In ta farkon ta lalace shikenan, seta zai ta gudu yana bin ƙwallo har wajen fili, mai dukan kuma yana nan tsaye da tsayinsa da ƙarfinsa babu abin da ya iso gare shi.

Shi yasa in ka ce min kana son koyo, karɓa zan fara sa ka, kuma za ka gaji da ita kafin in bar ka ka taɓa wani abu. Ba da tafin hannu ake karɓa ba, ba kuma da dunƙule ba, wurin nan ne tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu. Ka ɗora hannu ɗaya cikin ɗaya, manyan yatsu biyu su jeru gefe da gefe suna kallon ƙasa, ka miƙar da gwiwar hannu sosai har hannuwan biyu su zama kamar katako ɗaya shimfiɗaɗɗe. Kar ka sarƙe yatsu cikin juna, in ƙwallo mai ƙarfi ta zo za ka ji a jikinka, ga shi kuma raba hannun zai ɗau lokaci in ta zo ta sama.

Matsalar kusan kowane sabo iri ɗaya ce, wurga hannu. Ƙwallo na zuwa sai ya ɗaga hannuwa da ƙarfi har sama da kai, ita kuma ta tafi baya ko ta tsallake raga ta koma wa masu ita kyauta. Ai ƙwallon da aka bugo maka ta riga ta zo da ƙarfinta, aikinka kawai ka nuna mata hanya, inda hannuwanka suka fuskanta nan za ta. In tana buƙatar ƙarin ƙarfi daga ƙafa yake fitowa, ka durƙusa kaɗan ka taso da ita. Gaskiya ma wasan nan ƙafa ce ke yinsa duk da ana ganin na hannu ne, kana tsaye gwiwa a lanƙwashe, nauyinka a kan yatsun ƙafa ba kan dunduniya ba, kana ganin ta taso ka matsa da ƙananan taku ka riga ta isa wurin da za ta sauka sannan ka haɗa hannu, ba wai ka haɗa hannu tun daga nesa kana gudu da shi a haɗe ba. Hannu zai yi ja ya yi tsami a makonnin farko, wannan kowa ya sha shi kuma yana wucewa. Amma don Allah kar a yi atisaye da ƙwallon ƙafa, ita ta raga giram 260 zuwa 280 take, ta ƙafa kuwa ta haura 400, banza kawai za ka wahalar da kanka.

Masu raina karɓa su tuna da matan Japan a gasar Olamfik ta Tokyo a 1964, shekarar da aka fara saka wasan a gasar. Su suka ci zinare, suka doke Tarayyar Sobiyet a wasan ƙarshe, kuma abin da aka fi saninsu da shi shi ne wata dabarar kocinsu Hirobumi Daimatsu ta karɓar ƙwallo ƙasa ƙasa a mirgina a miƙe nan take.

Sai magana, wadda ba a ɗaukarta a matsayin fasaha amma wallahi fasaha ce. Mutum shida ne a ɓangare ɗaya cikin fili mai mita 9 kowane gefe, duk da haka ƙwallo ta faɗi tsakanin mutum biyu kowa na kallon ɗan'uwansa. Ka buɗe baki ka ce “tawa!” da wuri da ƙarfi, in ka faɗa kuma ka je, in wani ya riga ka faɗa ka kauce masa. In ka ga za ta fita ka ce “waje” a bar ta.

Sabis kuma, wato bugun da ake fara wasa da shi daga bayan layi, ka fara da na ƙasa, wanda ake bugowa da hannu daga ƙasa, babu kunya a ciki. Tun 1999 aka koma tsarin da kowane kuskure maki ne ga ɗaya ɓangaren, a da sai wanda ke da sabis ne kaɗai ke iya cin maki, to yanzu in ka buga ta a raga ko waje kyautar maki ka bayar, zagaye kuma maki 25 ne kawai. Na ƙasa da ya shiga ya fi na sama mai kyan gani da ya tsaya a raga. In ka tashi koyon na saman, jefa ƙwallon ce wahalar ba dukan ba, ka jefa ta daidai gaban kafaɗar hannun da za ka daka da shi, ba can sama sosai ba, kuma wuri ɗaya kullum. Bayan usur kana da daƙiƙa 8, ba gaggawa, sai dai kar ƙafarka ta taka layi kafin ka buga. Wanda ni ya fi burge ni shi ne sabis ɗin da ƙwallo ba ta juyawa, ka daki tsakiyarta da tafin hannu a sandare ka tsayar da hannun nan take, sai ta tafi tana lilo a iska mai karɓa ya rasa inda za ta sauka.

Ɗagawa da yatsu ba zan daɗe a kanta ba don gani ya fi bayani. Hannuwa a saman goshi, yatsu a buɗe yadda siffar ƙwallon take, ta taɓa ta fita nan da nan, in ka riƙe ta alƙalin wasa zai busa. A yanke farce.

To simash ɗin da ake ta so. Ragar maza mita 2.43 ce, ta mata 2.24, amma abin da ke ba sabo wuya ba tsayin bane, lokaci ne, ko ya yi tsalle da wuri ya sauko ƙwallo na sama ko ya makara. Mai duka da hannun dama taku uku yake yi, hagu, dama, hagu, biyun ƙarshe da sauri, hannuwa biyu su koma baya sannan su taso da kai. Sama za ka yi ba gaba ba, don in ka yi gaba ko dai ka faɗa raga a ba su maki ko ka sauka kan ƙafar mai tare ka, a nan ne yawanci ake samun targaɗe a idon sawu. Ka sauka da ƙafa biyu gwiwa a lanƙwashe.

Kuma ko ka iya dukan ba za ka dawwama a gaban raga ba, duk lokacin da sabis ya dawo hannunku sai kun juya yadda agogo ke tafiya, rabin lokaci kana baya, masu wayo kuwa suna gano wanda bai iya karɓa ba sai su yi ta auna shi da sabis har a fitar da shi. Gajeru ma kar su karaya, tun 1998 akwai libero, wannan mai riga daban, ba ya tare ba ya duka sama da raga, karɓa ce sana'arsa.

In kai kaɗai ne bango ya ishe ka, ka sa alama a sama ka yi ta mayar da ƙwallo wurin. In kun kai biyu ku tsaya fuska da fuska, ka karɓa, ya ɗaga maka, ka daka masa a hankali, ya karɓa, ka ɗaga masa, haka dai kuna ƙirga sau nawa za ta je ta dawo kafin ta taɓa ƙasa.