Koren amai bayan tiyatar ƙashin baya

Kafin a yi wa 'yata tiyatar miƙe ƙashin baya, tsorona ɗaya ne: kada a taɓa laka ƙafafunta su mutu. Shekararta 13, doguwa ce siririya, karkatar bayan kuma ta haura digiri 50. Aka sa mata sandunan ƙarfe biyu da kusoshi, ta farfaɗo ta motsa yatsun ƙafa, na yi hamdala.

Wajen mako guda sai ga amai. Da farko an ɗauka maganin kashe zafi ne, domin yakan jawo tashin zuciya. Amma ko loma biyu ta ci sai ta ce, "Baba, cikina ya cika," can kuma ta dawo da shi, kore shar, cikin ya kumbura daga sama. Wata nas ta leƙa kwanon, ba ta ce komai ba, ta je ta kira likita.

Hoton CT, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka, shi ne ya nuna abin. Ashe farkon ƙaramin hanji yana ratsawa ne tsakanin manyan jijiyoyin jini biyu, kuma ɗan kitse ne ke hana su matse shi. Da aka miƙe bayan, gangar jiki ta ƙara tsawo, jijiyar sama ta ja, ga yarinya ba kitse, sai hanya ta toshe. Ana kiransa ciwon Wilkie, da sunan likitan da ya yi bayaninsa a 1927. Ba kasafai yake faruwa ba, shi ya sa yake saurin kuɓuce wa ido, kuma sirara ya fi kamawa.

Ba a sake yanka ta ba. An zura roba ta hanci aka zuƙe ruwan ciki, aka yi mata ƙarin ruwa, daga baya aka wuce da wata robar gaba da wurin toshewar ana ba ta abinci ta nan. Kwanciya a gefen hagu ta riƙa sauƙaƙa mata sosai. Ganin ɗanka da yunwa kana hana shi ci, wannan sai wanda ya ɗanɗana. Da ta fara ƙiba, hanyar ta buɗe da kanta.

Yanzu duk iyayen da suka tambaye ni, nakan ce su yi maganar nauyin yaron da likita tun kafin ranar aiki, in da hali a ƙara masa ƙiba. In kuwa amai ya zo kore, ko da an sallame ku, a koma asibiti a ranar.