Na'urar faifai ta gwanjo da fayafayan gwaji guda huɗu

'Yan uwa masu koyon harkar kayan sauti, yau mako uku ke nan da na'urar faifan da na saya gwanjo ta hau kan kanta a ɗakina, bayan kusan wata biyu ina nema. Na ga ya dace in rubuta yadda abin ya gudana tun ban manta ba, musamman don waɗanda ke shirin sayen tasu ta farko.

Abin da ya kai ni ga neman irin wannan na'ura shi ne fayafayan da na tara ba iri ɗaya ba ne. Akwai CD masu yawa, akwai SACD goma sha biyu, DVD-Audio guda uku (waɗannan biyun fayafayan kiɗa ne masu sauti mai inganci na musamman), sai Blu-ray na fina-finai da na kiɗan da aka ɗauka a dandali. Na'urar da ke karanta su duka ita nake so, ba tulin na'urori uku ba. Matsalar kuwa, sababbin irinta sun yi ƙaranci. Kamfanin Oppo, wanda sunansa ya fi fitowa idan ana wannan zance, ya sanar a watan Afrilun 2018 cewa zai daina ƙera su, don haka BDP-103 da BDP-105 na 2012, da UDP-203 da UDP-205 da suka biyo baya, sai dai a hannun wanda ya riga ya yi amfani da su. Sannan ba kowace na'ura mai tsada ce ke karanta komai ba. Panasonic DP-UB820 ta yi suna wajen kyawun hoto, amma ba ta karanta SACD ko DVD-Audio. Sony UBP-X700 tana karanta SACD, ba ta karanta DVD-Audio, yayarta UBP-X800 tana karanta duka biyun amma ba ta da kafar fitar da sauti ta analog ko ɗaya. Kafin ku tafi ganin kowace na'ura, ku nemo littafin bayaninta a intanet ku karanta shafin da ya jera irin fayafayan da take ɗauka.

Makonni biyun farko karatu kawai na yi, kuma abu guda da na fahimta a lokacin shi ne ya cece ni daga baya. Na'urar da ake cewa tana karanta kowane faifai, ba da haske ɗaya take yin aikin ba. Leza uku ce a cikinta. CD, wanda ya fito a 1982, ana karanta shi da leza mai tsawon zango nanomita 780, wadda ido ba ya gani sosai. DVD da DVD-Audio da SACD suna bukatar jar leza mai nanomita 650. Blu-ray kuma, tun fitowarsa a 2006, shuɗiyar leza mai nanomita 405 yake amfani da ita. Kowace tana tsufa gwargwadon aikin da aka sa ta. Wanda ya shekara goma yana kallon DVD a na'urarsa zai iya gajiyar da jar lezar, alhali shuɗiyar tana nan kamar sabuwa. Ma'ana, idan mai sayarwa ya saka maka fim ɗin Blu-ray ya fito tangaras, abin da ya nuna maka kashi ɗaya ne cikin uku.

Shi ya sa na haɗa fayafayan gwaji huɗu a cikin 'yar jaka: CD ɗin da na san kowace waƙa a cikinsa, SACD mai hawa biyu, DVD-Audio ɗaya, da Blu-ray mai hawa biyu na gigabait 50. Daga baya na ƙara DVD na fim mai tsawo, zan faɗi dalili.

SACD ɗin nan mai hawa biyu shi ne ya fi yaudarar mutane, don haka bari in ɗan tsaya a kansa. Sony da Philips ne suka fito da SACD a 1999, kuma yawancin waɗanda ake bugawa suna ɗauke da waƙoƙin sau biyu a faifai ɗaya. Hawan SACD yana zurfin milimita 0.6 daga fuskar faifan, hawan CD kuma yana can bayansa a milimita 1.2. An yi hawan farko ta yadda lezar CD za ta ratsa shi ta wuce, domin faifan ya yi aiki har a tsohuwar na'urar mota. Dabara ce mai kyau, amma ga mai sayen gwanjo tarko ce. Idan jar leza ta yi rauni, na'urar ba lallai ta ce maka komai ba. Za ta ɗan yi ta juya faifan, ta kasa kama hawan SACD, sai ta koma hawan CD ta fara kiɗa. Kunnenka zai ji waƙa, ka ɗauka lafiya lau.

Haka kuwa ya faru da ni a na'ura ta farko da na je gani. Jikinta tsaf, ga rimot ɗinta na asali, har kwalinta yana nan. Mai ita dattijo ne mai kirki, ya saka min fim, hoto ya fito ba tsaiko. Na ce, "Baba, ko za ka ba ni dama in saka nawa?" Ya ce bismillah. CD ya tashi cikin daƙiƙu kaɗan. Da na saka SACD, sai na ji motar da ke juya faifan tana tashi tana sauka, ta daɗe, sannan kiɗa ya fara. Na duba ɗan allon gaba, CD ya rubuta. Ban yi saurin yanke hukunci ba, domin a saitin irin waɗannan na'urori akwai wurin da ake zaɓar hawan da za a fara karantawa, kuma mai yiwuwa ne an bar shi a kan CD. Na shiga na duba, a kan SACD yake. Na fitar da faifan na mayar sau uku, sau ɗaya kaɗai ta kama shi. DVD-Audio kuwa ko tashi bai yi ba. Dattijon bai san da matsalar ba, don bai taɓa mallakar irin waɗannan fayafayan ba. Na nuna masa abin da na gani, na yi masa godiya, na tafi. Na so na'urar ƙwarai, amma canza kan leza a na'urar da aka daina ƙerawa caca ce, don ba ka da tabbacin ingancin wanda za ka samu.

DVD-Audio ma yana da irin nasa tarkon. Yawancinsu suna da wani ɓangare na DVD na bidiyo da ke ɗauke da waƙoƙin a matse cikin Dolby Digital ko DTS, domin kowace na'urar DVD ta iya kunna su. Ainihin sautin da ka sayi faifan dominsa, wanda kan kai bit 24 da kilohaz 96 a lasifika shida, ko har kilohaz 192 a lasifika biyu, yana wani ɓangaren daban, galibi cikin tsarin MLP, wanda ke matse sauti ba tare da rage ingancinsa ba. Idan ka danna maɓallin bayani ka ga Dolby Digital, to ba a kan DVD-Audio kake ba, ko da mai sayarwa ya rantse tana karantawa.

Na'ura ta biyu da na gani ita na saya. Ba ta kai ta farko kyawun jiki ba, akwai ƙarce a samanta, kuma tirenta yana fitowa da ƙyar, sai an ɗan taimaka masa da yatsa. Amma duka fayafayan huɗu sun tashi da wuri, kuma allon ya rubuta SACD tun a karon farko. A nan ne DVD ɗin fim ya yi amfani: na tsallaka zuwa kusa da tsakiyar fim ɗin, inda lezar ke barin hawa na farko ta koma na biyu, na bar shi ya wuce wurin da kansa. Lezar da ta gaji a daidai nan take yawan maƙalewa. Wannan ta wuce ba tare da na lura ba. Na kuma bar ta tana aiki kusan minti arba'in, saboda wasu matsalolin ba sa bayyana sai na'ura ta ɗauki zafi. Na jarraba kowace kafa ta baya da ɗan kebul ɗin da na zo da shi, na karanta takardar da ke manne kusa da wayar wuta don in ga ƙarfin lantarkin da take ɗauka. Wasu suna karɓar komai daga bolt 100 zuwa 240, wasu kuwa an yi su ne don 120 kaɗai, kuma kuskure a nan sau ɗaya ake yin sa.

Batun yanki ma na duba, a taƙaice. Blu-ray an raba shi gida uku bisa yankunan duniya, A da B da C, faifan da aka kulle wa wani yanki ba ya aiki a na'urar wani yankin, DVD kuma yana da nasa rabon na lambobi daban. Na'urar da aka sayar a Amurka ta yankin A ce, ta Turai ta yankin B. Fayafayan Ultra HD Blu-ray na 2016 zuwa yau ba su da wannan shinge, haka ma SACD da CD. Tawa ta dace da fina-finan da nake da su.

Tiren shi na fara gyarawa. Na cire wayar wuta, na kwance murfin, na tarar da abin da na zata: ɗan zoben robar da ke haɗa mota da giyar tire ya saki, ya yi sheƙi saboda tsufa. Na auna shi, na samo sabo mai ɗan matsewa kaɗan, na goge mazauninsa da sinadarin isofrofil kafin in saka. Aikin bai kai rabin awa ba, tire ya koma shiga da fita shiru. Da yake na riga na buɗe, na shafi idanun lezar guda biyu a hankali da tsinken auduga mai ɗan danshin sinadarin. Ƙananan sukurorin saiti da ke jikin kan lezar ban taɓa su ba, kuma ina roƙonku kada ku taɓa. Ƙara wa leza wuta yana iya sa ta karanta faifai yau, amma ƙarasa kashe ta yake yi.

Abin da ya fi cin lokacina shi ne haɗa sauti, kuma a nan na fi ƙaruwa. Daren farko na haɗa na'urar da amfilifaya ta wayar optikal, yadda tsohuwar na'urata take. CD ya yi, fim ya yi, SACD shiru. Dalilin shi ne kariyar kwafi da aka gina cikin SACD ba ta yarda sautinsa ya fita ta optikal ko koaksiyal ba. Hanya biyu ce kawai: ko dai HDMI, wanda ya fara ɗaukar DSD, wato tsarin sautin SACD, tun sigar 1.2, ko kuma kafofin analog, inda na'urar ke juya sautin da kanta. Haka nan Dolby TrueHD da DTS-HD Master Audio na Blu-ray ba sa bi ta optikal da cikakken ingancinsu, sai dai a ba ka matsattsen sautin da ya yi saura. Da na koma HDMI kiɗa ya dawo, amma a lasifika biyu kawai. Sai da na kwana biyu ina bincike kafin in gane cewa HDMI yana cusa sauti ne a cikin 'yan giɓin da ke tsakanin layukan hoto, don haka idan an saita hoton a ƙananan mataki kamar 480p ko 576p, babu isasshen fili ga sauti mai nauyi na lasifika shida. Wanda ya riga ni mallakarta ya bar ta a 576p. Ina mayar da ita 1080p, duka lasifikan suka amsa.

Saura zaɓi tsakanin DSD da PCM. SACD yana ajiye sauti da bit ɗaya tak, amma ana ɗaukarsa sau miliyan 2.8224 a daƙiƙa, wato ninki 64 na kilohaz 44.1 na CD. Na'urar za ta iya tura shi yadda yake, ko ta juya shi zuwa PCM, irin tsarin da CD ke amfani da shi, wasu a kilohaz 88.2, wasu a 176.4. Da farko DSD na zaɓa, don a raina shi ne na asali. Sai na lura cewa a wannan yanayin amfilifayata tana ajiye gyaran nisan lasifika gefe, kuma ba ta karkatar da amon ƙasa zuwa babbar lasifikar bas. Lasifikan bayana ƙanana ne, suna bukatar wannan taimakon. Yanzu a kan PCM na bar ta, kuma a ɗakina hakan ya fi daɗin ji nesa ba kusa ba. Wanda ke da manyan lasifika biyu kaɗai zai iya samun akasin haka. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Za ku so ku ji ko SACD ya fi CD a kunnena. Na yi ta sauya hawa a faifai ɗaya, ina ƙoƙarin daidaita ƙarar. A lasifika biyu, wasu fayafayan bambancin ɗan kaɗan ne, wasu kuma a fili yake, kuma na fi zaton inda ya fito fili hannun wanda ya tace sautin ne ya bambanta tsakanin hawan biyu. Inda ba ni da shakka shi ne sautin kewaye. Akwai wani faifan ƙungiyar mawaƙa da aka ɗauka a babban zaure, na shekara ina jin hawan CD ɗinsa. Ranar da na ji shi a lasifika shida, muryoyin suna gabana, amsa-kuwwar zauren tana dawowa ta bayana, ban tashi ba sai da ya ƙare. Don wannan kaɗai wahalar neman ta biya.

Abu biyu suka rage min. Maɓallin tsallake waƙa a rimot sai an danna da ƙarfi, zan buɗe shi in goge robar da ke ciki a ƙarshen mako. Sannan na sayo wayoyin analog guda shida, ina so in haɗa kafofin bayan kai tsaye da amfilifaya, in kwatanta juyin sautin na'urar da na amfilifayar a kan wancan faifan na zaure.