Manhajojin ofis da suka rage bayan Internet Explorer

A ranar 15 ga Yuni, 2022 Microsoft ya janye hannunsa daga Internet Explorer 11, tsohuwar burauzarsa ta buɗe shafukan intanet, kuma Windows 11 da ta fito a Oktoban 2021 ba ta ma zo da shi a jerin abubuwan da mutum zai danna ya buɗe ba. Jama'a ba su damu ba, tuni kowa ya koma Chrome. Mu masu kula da kwamfutocin ofisoshi a Abuja ne muka ji a jikinmu, don akwai ayyuka da yawa da suka jingina da shi, kuma babu takardar da aka rubuta hakan a cikinta.

A ofishinmu da ke Garki abu biyu ne suka tsaya. Akwai na'urar kyamarorin tsaro, wadda shafinta ba ya nuna hoto sai da wani ɗan ƙarin manhaja mai suna ActiveX, shi kuwa ActiveX Internet Explorer kaɗai ke jin yarensa. Sai manhajar albashi da wani ɗan kwangila ya rubuta shekarun baya, ya bar gari, wayarsa ma ba ta shiga. A Fabrairun 2023, da sabuntawar Edge, sabuwar burauzar Microsoft, ta kashe tsohuwar burauzar a kan Windows 10, Hajiya akanta ta aiko a kira ni. "Malam, jiya fa lafiya lau na tashi. Wa ya taɓa min kwamfuta?" Babu wanda ya taɓa.

Injin Internet Explorer yana nan kwance a cikin Windows, ƙofarsa kawai aka rufe, kuma Edge na iya buɗe shafi da shi. Amma akwai tarko. In ka saka adireshin shafin da hannu a saitin Edge, kwana 30 kawai zai yi ya goge, wato daidai lokacin biyan albashin wata mai zuwa za a sake nemanka. Hanyar da ke ɗorewa ita ce a rubuta adireshin tsofaffin shafukan a fayil ɗin XML guda, a nuna wa duk kwamfutocin ofis shi ta Group Policy, wato tsarin Windows na tura saiti ɗaya zuwa kwamfutoci da yawa. Microsoft ya ce wannan tsari zai ci gaba aƙalla har 2029. Aron lokaci ne, kuma kayan aro ba ya ado.

Inda na saɓa da wasu abokan aikina shi ne batun ajiye tsohuwar kwamfuta. Za ka ga an sayo laftof ta hannu a kasuwar Banex, an sa mata Windows 7, an jona ta da intanet ɗin ofis, an ce an warware matsala. Windows 7 ta daina samun gyaran tsaro tun Janairun 2020. In ya zama dole a ajiye ta, to a yanke ta daga intanet, ta yi magana da na'urar kyamara kaɗai, kuma kada kowa ya cusa mata filashi don kwafar hotunan biki.

Wannan ba shi ne farau ba. Chrome ya daina karɓar Java da Silverlight, ƙarin manhajojin da wasu shafuka ke dogara da su, a 2015, Flash ya bi sahu a ƙarshen 2020. Shi ya sa yanzu duk ɗan kasuwar da ya kawo mana manhaja, nakan ce ya buɗe ta a gabana a Chrome da Edge ba tare da ya girka komai ba, sannan ya fitar min da bayanan cikinta zuwa Excel. Bayanan ne dukiyar ofis. Duk ƙarshen wata ina kwafe na albashi gefe guda.

Mai wuyar shi ne shawo kan oga ya sa hannu a kuɗin canza abin da yake gani yana aiki. Na kai masa takarda da shekarar 2029 a samanta. Ya amince da sabuwar na'urar kyamara, ya ce manhajar albashi ta jira kasafin baɗi.