Kafin ka saya wa yaronka injin kat, nemi dokar ajinsa

Tun da 'yata ta shiga tseren kat, iyaye kan tare ni da tambaya iri ɗaya: wane inji zan saya wa yarona? Amsata ba ta cika yi musu daɗi ba. Nakan ce kada ka sayi komai tukuna. Je filin tseren da ya fi kusa da kai ranar gasa, ka tsaya bakin shinge, ka duba yara nawa ke fitowa a kowane aji. Ajin da ya fi cika a tsarar yaronka, shi ne ajinka, kuma shi zai faɗa maka injin da za ka nema. Yaro yana koyon tsere ne a cikin cunkoson 'yan uwansa. In ka saya masa inji mai tsada amma su biyu kacal ne a ajin, zagaye kawai zai yi ta yi.

Ga wanda bai san ta ba, kat wata 'yar ƙaramar mota ce mai kujera ɗaya, ƙasa-ƙasa kamar za ta taɓa kwalta. Ba rufi, ba bel, ba abin da ke shanye gargada sai lanƙwasar ƙarfen jikinta, kuma sandar ƙarfe guda ce ta haɗa tayoyin baya. Art Ingels ne ya ƙera ta farko a Kalifoniya a 1956. A 1962 hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta kafa sashen kat da ake kira CIK. Lewis Hamilton, zakaran tseren motoci na Formula 1, ya fara kat yana ɗan shekara 8, Max Verstappen kuwa, shi ma zakaran Formula 1, ya ci gasar duniya ta ajin KZ, ajin kat mai giya, a 2013 yana da shekara 15. Ina kawo sunayensu ne don a san wasan ba na banza ba ne. Yawancin yaran da nake gani ba Formula 1 za su ba, kuma hakan bai rage wa abin daɗi ba.

Injunan yara gida biyu ne. Akwai mai bugu huɗu, wanda ake zuba wa baƙin mai daban, fetur daban. Sananne a cikinsu shi ne LO206 na kamfanin Briggs & Stratton. An ƙayyade masa juyi 6,100 a minti, ko ka matsa totur har ƙasa ba zai wuce nan ba. Yana da juriya, bai cika son gyara ba, shi ya sa in akwai ajinsa a filinku shi nake fara nuna wa sabon shiga. Sai mai bugu biyu, wanda ake gauraya masa mai da fetur. Ya fi gudu, ya fi ƙara, ya kuma fi cin aljihu, don bayan wasu sa'o'i na aiki dole a canja masa fistin. A nan ne ake samun Rotax Max na Ostiriya mai cc 125, wanda ya fito a 1997, da injunan IAME na Italiya irin su Mini Swift mai cc 60 da X30 mai cc 125. Can sama kuma akwai ajujuwan FIA, OK-Junior na 'yan shekara 12 zuwa 14, da OK, da KZ mai giya shida. Waɗannan ba na mai farawa ba ne.

Abin da ke rikita mutane shi ne, inji ɗaya yana iya zama aji uku ko huɗu. Ɗauki LO206. A cikin kafireta akwai wani ɗan silinda da ke ɗagawa in an taka totur, shi ke buɗe wa iska hanya. Na manya baƙi ne, yana buɗewa gaba ɗaya. Na yara kuwa launi-launi ne, ja, kore, rawaya, kowanne da iyakar da yake ɗagawa. Abu ne da zai ɓuya a tafin hannunka, amma shi ke raba ajin ƙananan yara da na waɗanda suka tasa. Haka Rotax: Micro, Mini, Junior da Senior duk daga tushe ɗaya suke, an dai toshe wa na ƙanana numfashi ta wajen kafireta da salansa. Saboda haka in wani ya ce maka "ina da Rotax na sayarwa", bai gaya maka komai ba tukuna.

To ina dokar take? Ba a wuri ɗaya take ba, kuma nan ne nake so iyaye su natsu. Hawa uku ce. Na farko dokar hukumar da filin ke ƙarƙashinta, kamar Motorsport UK a Birtaniya, ko WKA a Amurka. Ita ke maganar lasisi, shekaru, kayan kariya, da ladabin tuƙi. Na biyu dokar injin kansa, wadda kamfanin ko masu shirya gasarsa ke fitarwa. Briggs na da tasa, Rotax na da tasa, IAME na da takardun da ke nuna awon kowane ɓangare da hotonsa. Na uku ita ce ƙarin dokar kulob ɗin da za ku yi tsere a cikinsa, kuma ita ce aka fi mantawa. Nan za ka ga irin tayar da aka yarda da ita, irin man da za a zuba, nauyin kowane aji, da launin silindan da suke amfani da shi. Filaye biyu na iya gudanar da inji iri ɗaya amma taya daban, nauyi daban. Ka nemi duka ukun, ka duba shekarar da ke saman takardar, don ana sabunta su, wani lokaci ma a tsakiyar kakar tsere a fitar da sanarwar gyara. Takardar da ka tsinta a intanet ta shekarun baya tana iya kai ka ta baro.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ke ƙarƙashin dukkansu: abin da doka ba ta ce kana iya yi ba, to ba ka iya yi. Masu hannu a kanikanci su ne suka fi shan wahalar wannan. Mutum ya saba in ya ga kaushi a bututun iska sai ya goge shi ya yi santsi. A nan wannan gogewar kaɗai ta isa a soke sakamakon yaro.

Ka je ka kalli yadda ake bincike bayan tsere, za ka fahimci dokar fiye da karatunta. Yara na fitowa daga fili sai su jera a layin sikeli, ba wanda zai miƙa musu ko ruwa kafin awo. Ana auna yaro da motarsa tare, da hular kwanonsa da komai. In ya gaza nauyin da doka ta ƙayyade wa ajinsa ko da kaɗan ne, an cire shi. Shi ya sa za ka ga dunƙulen dalma an ɗaure da noti a jikin kujera, kuma iyayen da suka goge sukan ƙara ɗan nauyi a kan na doka, don mai na ƙonewa, taya na cinyewa, yaro kuma na gumi. Daga nan waɗanda suka zo kan gaba su tura motocinsu rumfar mai bincike. Zai ce a kwance kafireta, ya ɗauko wani ɗan ƙarfen awo ya gwada a rami. In bai shiga ba, lafiya. In ya shige, an faɗaɗa ramin ke nan. A injin bugu biyu zai zura wayar dalma ta ramin fulogi, ya juya injin fistin ya matse ta, sannan ya auna kaurinta don ya san tazarar da ke tsakanin fistin da kan injin.

Sai maganar hatimi, wadda ta fi shafar mai sayen na hannu. LO206 na zuwa da waya mai hatimi a ƙasan injin daga masana'anta, in aka yanke ta injin ya fita daga ajin. Rotax kuma wakilan da kamfanin ya amince da su ne kaɗai ke buɗewa su sake rufewa, su rubuta lambar hatimin a katin injin. Na ga wani uba da ya zo da inji mai sheƙi da ya saya hannun wani, mai bincike ya duba lambar hatimi ya duba kati, ba su yi daidai ba. Ɗansa na tsaye cikin sabuwar rigar tsere yana kallon sa'anninsa na fita. Abin ya taɓa ni ƙwarai. Da ya ɗauki hoton hatimin ya nuna wa mai binciken kafin ya biya kuɗi, da ba a kai nan ba. Da ɗan gari akan ci gari, kuma masu binciken nan, in ka same su kafin ranar gasa, sun fi son su amsa tambaya da su kori yaro.

Ka kuma duba yadda ake lissafin shekaru. Wasu da ranar haihuwa suke aiki, wasu da shekarar da yaro zai cika adadin. Yana da muhimmanci, don motar ƙananan yara gajera ce, tsakanin tayar gaba da ta baya kusan milimita 950, ta manya kuwa ta haura 1,000. In saura wata kaɗan yaronka ya haye aji na gaba, kada ka zuba kuɗi a ƙaramar. Ka yi hayar mota ya ƙarasa kakar.

Hular kwano ma da dokarta. A gasannin da ke bin FIA, yaro ɗan ƙasa da shekara 15 sai ya sa mai tambarin CMR ko CMS, wadda aka yi marar nauyi saboda wuyan yara. Rigar kare haƙarƙari kuwa, ko kulob bai tilasta ba, ni ban yarda 'yata ta zauna a kujerar nan ba tare da ita ba, don a kowace kwana gefen kujerar haƙarƙarin yake duka. Waɗannan biyun sababbi nake saya, kuma sai ta gwada sun zauna mata daidai kafin mu biya.