Godiya bayan biki: furannin takarda sun raka amarya har ɗakinta

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, an yi biki an tashi lafiya, amarya ta tare. Mu da aka ɗora wa aikin haɗa furannin takardar da amarya da ƙawayenta suka riƙe, tun daga ranar kamu har daren dina, muna miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu. Fure 55 aka yi, ban da na ajiya: 15 a damin amarya, sai biyar-biyar a hannun ƙawaye takwas. Allah Ya saka da alheri, Ya ba ma'aurata zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.

Godiyar farko ta uwar biki ce. Hajiya, da kin jira sai ana saura kwana uku kafin ki kawo mana ƙyallen anko, da ba a kai ko'ina ba. Fure ɗaya mai cika yana cin minti 30 zuwa 40 a hannun wadda ta iya, ban da lokacin bushewar gam. Mako uku da kika ba mu ne ya sa aka samo takarda mai launin da ya dace da leshin.

Sai ƙannenmu masu yanka, waɗanda aikinsu ba ya fitowa a hoto alhali shi ne ginshiƙi. Takardar kiref mai nauyin giram 180 muka yi amfani da ita, irin ta Italiya da ke zuwa a naɗe, faɗinta santimita 50, tsawonta mita biyu da rabi. A jikinta akwai siraran layuka, kuma ta gefe ɗaya kawai take miƙewa. Dole layukan nan su tashi daga gindin ganyen fure zuwa samansa. In aka yanka a kwance, ganyen ba zai yi kwarmi ba, da an ja sai ya yage ko ya langaɓe. Kowane fure ya ci ganye 18: ƙanana biyar a tsakiya, matsakaita shida, manya bakwai a waje. Wato, har da na ajiya, sama da ganye dubu kuka yanka, kuma waɗanda suka fito a karkace ba su cika tafin hannu ba. Sannunku da ƙoƙari.

Anti-anti da suka zauna zaman lanƙwasa, mun gode da haƙuri. Manyan yatsu biyu ake sawa a tsakiyar ganye a ja a hankali har ya yi kwarmi kamar cokali, sannan a naɗe bakinsa a jikin tsinken tsire. Sau ɗaya ake ja. Takardar da aka miƙe ta wuce iyaka ba ta komawa, sai dai a jefar. Karan kuma wayar ƙarfe ce mai kaurin lamba 18, tsawonta santimita 35, a lanƙwasa kanta da filaya kamar ƙugiya kafin a naɗa mata ganyen farko, in ba haka ba kan furen zai zare a tsakiyar rawa. Koren tef ɗin da ake naɗe waya da shi sai an ɗan ja shi yake kamawa, don jan ne ke fito da danƙonsa. Masu cewa tef ɗin jabu ne, yawanci ba su ja ba ne. A wajen manna ganye mun fi yarda da farin gam, ɗigo ɗaya a gindi. Bindigar gam tana da sauri, amma tana tara ƙullutu, tana barin zare kamar saƙar gizo-gizo, ga ƙona yatsa.

Ƙawayen amarya, ku ma kun kyauta da kuka ji magana a kan turare. Ranar kamu humra ta fantsama a kan fure biyu, nan take rinin ya zuba, wurin ya yi tabo, sai da aka sauya su da na ajiya. Shi ya sa ake yin rarar biyar ko shida. Takardar nan ba ta shiri da ruwa, ko zufa, ko mai. Mai son dami ya yi ƙamshi ta ɗiga turare a ɗan ƙullin auduga ta cusa can tsakanin kara. Maƙamar kuma an naɗe ta da ribon ninki biyu saboda zufar hannu kada ta taɓa takarda ta ɓata farar riga. Kaskon turaren wuta dai ba sai an faɗa ba.

Yayanmu da ya yi jigila, Allah Ya ƙara buɗi. A tsaye ya ɗauko su cikin kwali mai zurfi, kowane dami an zura maƙamarsa a robar ruwan da aka yanke wa kai, bai ɗora komai a sama ba, bai bar su cikin mota a rana ba.

Amarya, in kina son daminki ya daɗe, nisanta shi da taga, rana tana kashe launi, ja da shuɗi musamman. Da damina a rufe shi a kwali, danshi na saukar da ganye. Ƙurar hunturu kuwa busasshen burushin kwalliya ya isa ya share ta.

Akwai ƙaramin almakashi mai jan hannu da bai dawo ba. Duk wadda ta gan shi a jakarta, don Allah ta aiko mana da shi gidan Hajiya.